Labarin Tashar Jirgin Ƙasa ta Agege

Duk wanda ya taɓa hawan jirgin ƙasa daga Kano zuwa Ikko, a zamanin da jirgi ke cin kasuwarsa, ya san wani abu guda. In an wuce Abekuta, an wuce Ifo, har matafiya sun fara naɗe tabarminsu suna cewa an kusa, sai jirgi ya tsaya a wata tasha, Hausawan da ke ciki su yi ta sauka da kayansu, alhali kuwa Ikko tana gaba. Tashar nan ita ce Agege, arewa da birnin Ikko. Ba ta kai Ido girma ba, inda dogo ya ƙare a bakin ruwa, ba ta kuwa kai Ebute Meta ba, inda manyan ofisoshin reluwe da maƙerarsu su ke. Amma sunanta ya kai kasuwannin Arewa tun da daɗewa, dalili kuwa goro. Ga labarinta, da yadda ta tara gari a gindinta, da abin da ya same ta daga baya.

Hanyar Gwanja

Ba a gane labarin Agege sai an fara da na goro. Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, gama itacen kurmi ne mai son ruwa da inuwa. Duk da haka ba a ɗaurin aure, ba a zanen suna, ba a zuwa gaisuwa wurin babba, sai da shi. Tun ƙarni na 15 fatake ke bin hanyar Gwanja don su samo shi. Ayari ya kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da tufafi da ƙiraga, madugu na gaba. Su ƙetare Kwara wajen Yawuri, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Zugu, har su sauka kasuwar Salaga, inda Tonawa, watau mutanen Asante, ke kawo goro daga kurminsu. Zuwa da dawowa ya kan ci watanni da yawa, wani lokaci har shekara. Ga kuɗin fito a bakin kogi, ga gaisuwar sarakunan hanya, ga 'yan fashi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara da wannan fatauci. Saboda wuyar samunsa goro ya zama abin alfarma, talaka ba ya ganinsa sai ranar biki.

Cikin shekarar 1874 Turawan Ingila suka ci Tonawa da yaƙi, suka ƙone Kumasi, ikon Tonawa a kan Salaga ya karye. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi a Salaga kanta, 'yan kasuwa suka watse. Daga nan goro ya fara sake hanya. A maimakon ya bi tudu zuwa Arewa, sai a gangara da shi bakin teku, a zuba shi jirgin ruwa daga Ankara, babban birnin Gana ta yanzu, ko daga Sakandi, a sauke a Ikko. Alhasan Ɗantata na Kano yana cikin waɗanda suka fara bi da goro ta wannan hanya ta ruwa. To, goro ya iso Ikko, amma tsakanin Ikko da Kano har yanzu ƙafa ce da jaki. Wannan shi ne gurbin da jirgin ƙasa ya zo ya cike.

Zuwan dogo

An fara aikin dogo daga Ikko cikin shekarar 1896, zamanin Gwamna Gilbert Carter. Nufin Turawa shi ne su kai ga manja da kwakwa da auduga na ƙasar Yarbawa, su kuma ƙarfafa ikonsu a can. Aka shimfiɗa ƙaramin dogo, mai faɗin ƙafa 3 da inci 6 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin ya fi araha, ya kuma fi sauƙin karya kwana. Hanyar ta tashi daga bakin ruwa ta nufi arewa, ta ratsa kurmin Awori, wata ƙabila ta Yarbawa wadda ita ce ke da ƙasar wurin. A cikin kurmin nan Agege ta ke, ƙauye ne a lokacin, na manoma da masu saran itace. Mutanen wurin su kan ce sunan ma daga maganar Yarbanci ya fito, mai ma'anar masu saran itace. Tsohon mazaunin yana nan har yanzu, ana kiransa Orile Agege. Cikin watan Maris 1901, zamanin Gwamna William MacGregor, aka buɗe hanyar har Ibadan, wadda Hausawa ke kira Badun, tafiyar wajen mil 120. Agege ta zama ɗaya daga cikin tashoshin da ke kan wannan hanya.

Dogo ya ci gaba. Ya kai Oshogbo a 1907, Ilori a 1908, Jabba a bakin Kwara a 1909. A Arewa kuma Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan dogo ne, ya sa aka fara wata hanya dabam a 1907, daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano. Sarakuna da hakimai aka ɗora wa nauyin samo leburori, talakawan ƙasa kuwa su suka haƙa, su suka ɗauki ƙasa a ka. Dogo ya shiga Kano a 1911, zamanin Sarkin Kano Abbas. Aka haɗa hanyoyin biyu a Minna, a 1912 kuma aka gama su ƙarƙashin hukuma guda. Da fari a kan ƙetare da taragai a Jabba cikin jirgin fito, sai a 1915 aka gama gadar Kwara. Daga nan tarago ya kan tashi daga Ikko ya isa Kano, wajen mil 700, ba a sauke kayansa ba. Tafiyar da ke cin watanni ta koma ta 'yan kwanaki.

Gonakin koko da na goro

Tasha ba ta yin albarka sai da abin ɗauka. Abin da Agege ta fara bai wa jirgi shi ne koko, ɗan itacen nan da Turawa ke yin cakulan da shi. A ƙarshen ƙarni na 19 waɗansu 'yan kasuwar Ikko, waɗanda kamfanonin Turawa suka matse a ciniki, suka juya ga noma. Suka sami ƙasa a kewayen Agege, suka share kurmi, suka dasa koko. Mafi shahara a cikinsu shi ne Jacob Kehinde Coker, mai gona a Ifako. A 1907 suka kafa ƙungiyar manoman Agege. Jirgi ke kawo musu 'yan ƙodago daga cikin ƙasar Yarbawa, jirgi kuma ke kai amfanin gonarsu bakin ruwa. 'Yan ƙodagon nan in sun gama wa'adinsu su kan koma garuruwansu da iri da kuma sanin aikin. Ta haka Agege ta zama ɗaya daga cikin wuraren da noman koko ya bazu daga gare su zuwa sauran ƙasar Yarbawa.

Amma koko bai daɗe yana yi wa Agege daɗi ba. Ƙasar wurin ba ta riƙe shi kamar ta wajen Badun da Ondo ba, ga shi kuma bayan Yaƙin Duniya na Farko kuɗinsa ya faɗi. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Manoma suka duba suka ga huhunan goron Gwalkwas na wucewa ta ƙofar gonarsu cikin tarago zuwa Arewa, sai suka dage ga dashen goro.

A nan akwai abin lura. Yarbawa suna da nasu goro tun asali, mai tsaga uku ko huɗu, wanda su ke kira abata, suna amfani da shi wajen al'adunsu. Bahaushe kuwa ba shi ya ke so ba, ya fi son mai tsaga biyu, irin na Gwanja. Wannan iri shi aka dasa a Agege da Ota da Ifo, har ya kai Shagamu. Shaidar asalinsa tana cikin sunan da Yarbawa suka ba shi, gama gbanja su ke ce da shi, watau Gwanja ke nan a bakinsu. Da itatuwan suka girma suka fara 'ya'ya, goron ƙasar Yarbawa ya yi ta ture na Gwalkwas a kasuwannin Arewa. Abin da kakanni ke tafiyar watanni su samo, ga shi ya zo bakin dogo. Goro ya yi araha, har lebura da manomi suka iya sayen na kwabo su jefa baki.

Zango

Goro kaya ne mai wuyar sha'ani. Ba ya son rana, ba ya son iska, ba ya son a manta da shi. Sai an jiƙa shi an cire ɓawo, an tsince, an ware fari da ja, manya da ƙanana, an shimfiɗa ganye an ɗaure huhu. Bayan 'yan kwanaki kuma a kwance a duba, a fid da wanda sankara ta kama, don kada ya ɓata sauran. Manomin Yarbawa ya san dashe da tsinka, amma sanin abin da Kano ke so, da wanda Sakkwato ke so, da yadda a ke ɗaurin da zai jure zafin Arewa, wannan yana hannun Bahaushe. Saboda haka dole masu saye su zauna kusa da gona, kusa kuma da tasha. Hausawa ba baƙi ba ne a Ikko ko kafin jirgi, gama tun 1863 akwai su cikin askarawan da John Glover ya tara, ga kuma 'yan kasuwa. Amma bayan da dogo ya haɗa Ikko da Kano suka yawaita a Agege, suka kafa unguwa kusa da tasha, aka kira ta Zango, Yarbawa na cewa Sango.

Tsarin Zango shi ne tsarin da fatake suka saba da shi tun hanyar Gwanja. Baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci da wurin ajiya, ya haɗa shi da dillali. Dillali ya kai shi wurin mata masu tara goro daga ƙauyuka, a yi ciniki, a ba shi la'adarsa. Yawancin cinikin bashi ne, maigida ke tsayawa lamuni. Mai kaya yana Kano, wakilinsa yana Agege, tsakaninsu sai wasiƙa da waya da takardar reluwe mai shaidar yawan huhunan da aka ɗora. In amana ta karye, ciniki ya mutu. Don haka aka naɗa Sarkin Hausawa, mai sasanta rigimar bashi da ta awo tun ba ta kai gaban shari'a ba, mai kuma tsaya wa jama'arsa a wurin sarakunan ƙasa da hukuma. Sarautar tana nan har yau.

Taragon da ya kai goro Arewa ba ya dawowa wofi. Shanu da tumaki su kan gangaro daga Kano, daga Ƙauran Namoda da dogo ya kai a 1929, da Nguru da ya kai a 1930. Dabbar da a da ke ramewa a hanya, ƙudan tsando na kashe waɗansu a kurmi, yanzu ta iso da namanta. Mahauta da dillalan shanu suka bi sawun 'yan goro, Agege ta yi suna da kara, daga baya kuma babbar mayankar Ikko ta zauna a Oko Oba cikin yankinta. Malamai ma suka zo. Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa makarantarsa ta Larabci, Markaz, a Abekuta a 1952, sa'an nan ya ƙaura da ita Agege, inda ta yaye ɗalibai masu yawa.

Mulki da ma'aikata

Wajen mulki Agege ta sha sake hannu. Da fari tana cikin ƙasar da ke bin Ikko, a yankin Ikeja. A 1954 aka ware birnin Ikko ya zama na Tarayya, Agege da Ikeja suka zauna cikin Jihar Yamma, ana mulkinsu daga Badun. Sai a 1967, da aka yi jihohi 12, suka koma Jihar Legas. Tasha kuwa duk wannan bai taɓa ta ba, gama reluwe ta gwamnatin tsakiya ce. A 1955 aka mai da ita hukuma mai zaman kanta, aka kuma fara kawo injuna masu shan gas a maimakon masu cin kwal ɗin Inugu.

Ba a manta da waɗanda ke riƙe da aikin ba, watau shugaban tasha da akawun tikiti da mai buga waya da mai juya dogo da leburorin gyaran hanya. Ranar da suka ɗaga hannu aka san darajarsu. Cikin watan Yuni 1945 ma'aikatan ƙasar nan suka shiga yajin aiki saboda tsadar da yaƙi ya kawo, ma'aikatan reluwe na gaba, shugabansu kuwa Michael Imoudu. Aka yi fiye da kwana 40 sufuri na tsaye. Mai gyaɗa ko fata ya iya jira, amma mai ɗanyen kaya irin goro kowace rana hasara ce gare shi.

Jirgi ya ja baya

Kowa ya daɗe ya ga daɗau. A 1964 jiragen ƙasar Nijeriya sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11. Zuwa 1974 ba su kai miliyan 5 ba. Dalilai sun taru. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ɓata hanyar gabas. Kuɗin man fetur ya zo, gwamnati ta zuba shi a kan titi, har aka buɗe babbar hanyar mota ta Ikko zuwa Badun a 1978. Dogo kuwa yana nan yadda Turawa suka bar shi, ƙarami, mai yawan kwana, injuna na lalacewa babu kayan gyara. Babbar mota ta kan je har bakin kasuwar ƙauye ta ɗauki goro, ta sauke shi a ƙofar mai shi, ba jiran tarago. 'Yan goro da 'yan shanu suka koma mota. An ɗauko ƙwararru daga Indiya a 1979 suka riƙe reluwe 'yan shekaru, abin ya ɗan farfaɗo, da suka tafi ya sake kwantawa. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, wanda aka yi nufin ya kai Agege, amma gwamnatin soja ta soke shi a 1985.

A wannan tsakani kuma Ikko ta haɗiye Agege. Aka yi filin jirgin sama da masana'antu a Ikeja, ma'aikata suka nemi ɗakin haya mai sauƙi, gonakin goro suka zama fuloti. Ƙidayar 2006 ta sami fiye da mutum 450,000 a ƙaramar hukumar Agege kaɗai. Sunan garin ya fi tafiya da burodin nan mai laushi da a ke kira da shi, har yara da yawa ba su san an taɓa noman goro a wurin ba. Tasha ta koma ta masu zuwa aiki, jirgi ya kwashe su da asuba zuwa Ido, ya komo da su da yamma. Saboda cunkoso samari har rufin tarago su ke hawa. 'Yan tireda suka baje kaya a kan dogo, in sun ji ƙaho su janye, in ya wuce su mayar. An gyara tsohuwar hanya, jirgin fasinja ya koma zuwa Kano a watan Disamba 2012, amma tafiyarsa ta kan wuce awa 30, bai kuwa dawo da cinikin da ya tafi ba.

Sabuwar tasha

A 2017 wani kamfanin ƙasar Sin, CCECC, ya fara shimfiɗa babban dogo daga Ikko zuwa Badun, mai faɗin ƙafa 4 da inci 8 da rabi, tsawonsa wajen kilomita 157. A cikin gari ya bi gefen tsohuwar hanya, saboda haka aka rushe rumfuna da gine-ginen da suka shiga filin reluwe, mutane da yawa suka rasa wurin sana'a. Aka gina sabuwar tasha a Agege, aka sa mata sunan Babatunde Fashola, tsohon Gwamnan Legas. Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe hanyar ranar 10 ga Yuni 2021. Cikin watan Maris na shekarar nan kuma aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema, wadda ta ɗauke motoci daga mahaɗar titi da dogo, inda a da a ke shan jira da haɗari.

Gwamnatin Legas ta aza nata jirgi na cikin gari a kan wannan hanya, wanda a ke kira Jan Layi, daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, da tashoshi 8, Agege na cikinsu. Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya buɗe shi ranar 29 ga Fabrairu 2024, ya fara ɗaukar fasinja cikin watan Oktoba na shekarar.

To, mai karatu ya dubi yadda al'amarin ya juya. Tashar da aka gina yanzu ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba, jirginta ya fi sauri, ma'aikacin da ke kwana a Agege ya sami sauƙin zuwa aiki. Amma abin da ya ɗaga Agege tun farko shi ne tarago guda da ke tashi daga gindin goro ya isa Kano ba a sauke shi ba. Babban dogon da aka buɗe a 2021 iyakarsa Moniya, a gefen Badun. An buɗe wani yanki tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, an fara aikin na Kaduna zuwa Kano a 2021, amma har zuwa 2024 ba a haɗa Badun da Abuja ba. Tarago kuwa na babban dogo ba ya hawa ƙarami. Saboda haka jikokin waɗanda suka kafa Zango su kan ga jirgi na wucewa ta ƙofar gidansu, amma in za su gida ko za su aika da kaya, yawancinsu tashar mota su ke nufa, su kwana a hanya, da abin da ke cikinta na haɗari da shingaye.

Leburorin da sarakuna suka tara sun haɗa Ikko da Kano cikin shekara 16, daga 1896 zuwa 1912, da diga da kwando. Ranar da babban dogo ya cike abin da ya rage tsakanin Badun da Kano, Agege za ta koma ƙofar Arewa kamar yadda ta ke a da. Iyakar labarinta ke nan zuwa shekarar 2024.